Masu Aron Rariya

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ki buɗe takardar nan kina zaune lafiya a ɗakin Gwaggonki Saude a Rijiyar Zaki, gajiyar mota ta sake ki. Na cusa ta ƙarƙashin ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Kin san ba zan iya zaunar da ke in faɗa miki waɗannan maganganu baki da baki ba. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan kakarki Inna kika ci, kunya biyu ke nan a kaina. Amma takarda ba ta da ido, zan faɗa mata abin da na ga dama.

Na san amsar da kike jira. Tun da aka ba Babanki kwamishina, aka ce akwai gida a Kano, ya ce maganar tashi ko zama tana hannuna, ke kuma kika buɗe kamfe. Wanke-wanken da sai na yi magana uku kike taɓawa, yanzu kafin in idar da sallah kin gama. Har kitso kika yi mini ban roƙa ba. So kike mu koma birni ki yi karatun lauyanki daga ɗakinki ke kaɗai, ba ki raba katifa da 'ya'yan Gwaggo ba. Na ji, kuma amsarki tana ƙarshen takardar nan. Kada ki tsallaka can. Ni ma da haka nake yi wa littafi, in leƙa ƙarshe in ga ko sun yi aure, kuma ban taɓa jin daɗin wanda na yi wa haka ba.

Bari in fara miki da ranar da komai ya sauya mini. Ina amarya, ina ɗauke da cikinki, ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida. Na ɗora wake a wuta, ina karanta wani littafi da aka karɓo mini haya a kasuwar Ɗambatta. Na zo daidai inda saurayin yake buɗe wa yarinyar ƙofar mota, sai na ji hon ɗin babura daga bakin titi, da ihun samari: "Sai Barista! Sai Barista!" Babanki ya ci zaɓen majalisar dokokin jiha. Mata suka cika gidan da guɗa, Inna tana hawaye tana dariya, wake kuwa ya ƙone ƙurmus.

Ni dama tun ranar da aka ce lauya ne yake nemana na gama gina gidana a cikin kaina. Bene ne, labulensa har ƙasa, da furanni a bakin ƙofa, domin duk lauyan da na sani a littafi na san shi, kuma haka gidajensu suke. Da na ga Babanki ya zo zance a kan tsohon babur, ƙafar wando a naɗe, taɓo har idon sawu don daga rabon wata gona yake, ban karaya ba. Na ce ai a littafi ma sai an kai tsakiya arziki yake zuwa. To ranar nan sai na ce tsakiyar ta zo.

Ban tambayi kowa ba. Yana can yana zagayen godiya ƙauye-ƙauye, ni kuma na sauke jerena, na naɗe kwalla da samira a cikin zannuwa, na ɗaure tabarmi. Na bi gida-gida ina sallama, ina cewa a yafe mini. Sannan na raba kajina. Kaza mai 'ya'ya na ba Hajara maƙwabciyarmu, zakaran na ba matar liman, domin me matar ɗan majalisa za ta yi da akurki a bene?

Da ya dawo ya leƙa ɗaki, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, ɓarayi ne suka shigo?"

Na ce, "Shiri na yi."

"Shirin me?"

"Tafiya Kano mana."

Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan ƙullin kwanukana. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya sassauta murya ya ce, "Mutanen nan sun zaɓe ni ne don sun san ƙofar gidana. In na ɗauke ƙofar, wa suka zaɓa ke nan? Zan riƙa zuwa in yi zaman majalisa in dawo."

Inna tana daga ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "To, sai ki bi sawun kajinki."

Na bi. Ina yin sallama gidan Hajara ta taso da murna: "Lale da mutanen birni! Har kun dawo? Ya hanya? Ya kuka baro su?" Ta ba ni kazata tana share hawayen dariya. Zakara kuwa na tarar an riga an sha romonsa. Har yau in na yi sabon ɗinki, Hajara sai ta ce, "Ko tafiyar ce ta taso?"

Don haka, Ummi, kada ki taɓa yi wa mutane sallamar wanda ba zai dawo ba. Za ki zo hutu da sababbin kalmomi a bakinki, ki sauke su a bakin titi ki shigo da gaisuwar da kika tafi da ita. Kuma ki riƙa tambaya kafin ki ɗaure kaya. Aikin da kika zaɓa, rabinsa jira ne har mai magana ya kai ƙarshe.

Ban gama warkewa daga wannan ba na sake yin wata. A gidan suna ne, kina bayana. Mata suka kewaye ni, wata ta ce, "Matar ɗan majalisa, rijiyarmu fa ta ƙafe, sai mun je rafi." Ni kuwa a littattafaina, in mutumin kirki ya ji irin wannan, washegari ake ganin manyan motoci. Sai na gyara goyo na ce, "Kafin Sallah za ku sha ruwan burtsatse." Aka rangaɗa guɗa, har wata tsohuwa ta yi mini rawa. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta haƙa da hannunta.

Da na ba Babanki labari, ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Da wane bakin kika yi alkawarin?"

Na ce, "Da naka."

Ya ce, "Madalla. To injin haƙan yana ƙarƙashin gadonki ne, ko yana rumbu?"

Ranar ya zaunar da ni ya bayyana mini aikinsa. Ɗan majalisa ba shi da inji, ba shi da ma'aikata. Abin da yake da shi baki ne da alƙalami da ƙafa. Ya tashi a zauren majalisa ya yi magana, ya rubuta, ya bi ofis-ofis yana tuni har a gaji da ganin fuskarsa. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Mata suka sa mini suna Hajiya Burtsatse. In na wuce su da tulu a kansu sai su ce, "Hajiya, daga famfonki muke." Bai taɓa fita ya ce ba shi ya yi alkawarin ba. Ya ɗauke shi kamar daga bakinsa ya fito, ya bi shi har takalminsa ya cinye, har ranar da ruwa ya fito kina tsaye da ƙafarki kina tsalle a cikin taɓo.

Ki kiyayi daɗin guɗa, 'yar nan. Mai ƙishirwa ba ya manta abin da aka ce masa. In an kawo miki kuka, ki ce za ki gwada, sannan ki gwada fiye da yadda kika faɗa.

Yanzu ga wadda ta fi zama mini a rai, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Shekarun nan ne masu wuya, ba za ki tuna da kyau ba. Takin zamani ya gagari talaka, damina ta yi gardama, gero ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Gidaje da yawa kwaɗon rama da tafasa ne abincin rana. Zauren Babanki kullum a cike yake tun daga idar da sallar asuba, maza a kan tabarmi har waje, mai maganar gona, mai maganar ɗansa da aka tsare, mai neman a rubuta masa takarda. Kin san yadda gonakinmu suke a nan, a manne da juna kamar ɗinkin hula, iyakar kowa layin gamba ne. In shekara ta yi tsanani, sai layin nan ya fara tafiya da kansa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, mace ba za ta ratsa mazan nan ta shiga zaure ba. Ta ƙaramar ƙofar danga take shigowa, ta bayan madafi. Kuma ba za ta ce ta zo da ƙara ba. Cewa za ta yi ta zo ɗiban wuta, ko aron taɓarya, ko aron rariya. Sai ta tsaya tana yaba kajinki, tana jiran ki ce ta zauna. Inna ce take tarbarsu tun da, ni ban taɓa lura ba, na ɗauka hira ce irin ta tsofaffi. To a daidai lokacin nan Inna ta tafi wankan jegon Gwaggonki Saude, gida ya zama ni kaɗai.

Wata rana da hantsi, ana gab da ruwan shuka, wata mata ta yi sallama. Yahanasu ce, daga tsallaken rafi, ba ta daɗe da fita takabar mijinta ba. Ta ce aron rariya ta zo. Ina tsakiyar wani littafi, an sace amarya ana nema. Na miƙa mata rariya da hannun hagu, idona a kan shafi, na ce a gai da gida. Washegari ta dawo da ita. Ta tsaya ta ce kajina sun yi kyau. Na ce, "Uhm." Ta ce darbejiyar nan tana da inuwa. Na ce, "Wallahi." Ta ɗan jima a tsaye, ta tafi. Bayan kwanaki ta sake zuwa aron rariyar, ta sake dawo da ita, ko ƙurar gari babu a jikinta. Har na fara jin haushi.

Da Inna ta dawo, ina taya ta kwance tsaraba, na ce, "Inna, wai matar nan Yahanasu ba ta da rariya ne? Ni da na ba ta tawa kyauta na huta."

Inna ta saki ƙullin da ke hannunta. "Daga ina take zuwa?"

"Tsallaken rafi."

"Duk gidajen da ta wuce kafin ta iso nan, babu mai rariya sai ke?"

Sai ta sake jefo mini wata tambayar.

"Kin ba ta tabarma?"

Na ce a'a.

"Tashi ki ɗauko mayafinki."

Muka tarar da ita tana surfen wani gida, 'ya'yanta a zube a gefe. Sai da Inna ta sha ruwa, aka yi gaisuwa, aka yi maganar zafi, sannan maganar ta fito. 'Yan'uwan mijinta sun tumɓuke gambar da ta raba gonar marayun da tasu, sun haɗe, sun shuke duka. Ranar da ta fara zuwa wurina ba a kai ga shuka ba. A ranar da muka je, gero ya kai gwiwa.

Babanki bai kai maganar kotu ba. Ya tara mai unguwa da liman da dattawan da suka san gonar, ya naɗe ƙafar wandonsa kamar ranar da na fara ganinsa, ya sa aka tona inda ake zaton iyakar take. Saiwar gamba ba ta fita duka, tana nan a ƙasa a jere. Ya karanta musu abin da shari'a ta ce a kan dukiyar maraya, a hankali, ba tare da ya kunyata kowa ba, har babban wan marigayin ya ce a mayar. Amma dattawa suka yanke cewa amfanin bana na waɗanda suka zuba irinsu ne, sai an girbe gona za ta koma. Yahanasu ta samu ɗan abin da aka ɗiba mata, ta ƙarasa shekarar da surfe da abin da muke aika mata. Da a ce na ce mata ta zauna tun ranar farko, da maganar safiya ɗaya ce.

Na jira faɗa, bai zo ba. Abin da Babanki ya ce mini kawai shi ne, "Malama, ni ina da zaure, ke kina da madafi. Rabin waɗanda suka jefa mini ƙuri'a ba za su taɓa taka zaurena ba. In ba ki ji su ba, ban ji su ba." Daga nan ya ɗauki maganar gonakin marayu ya kai majalisa. Ya yi ta nanata cewa a riƙa raba su a gaban shaidu, a kafa iyaka tun kafin a watse daga zaman makoki, har abokan aikinsa suka koma kiransa Barista Gamba. Shi kuwa daɗin sunan yake ji.

Ni ma daga ranar na sauya. Duk wadda ta zo aro, sai ta sha ruwa, sai na shimfiɗa tabarma. Littattafan nawa ma sai suka samu aiki. Bayan la'asar mata suka fara taruwa ina karanta musu, ana tsinkar zogale ana tsine wa mugun cikin labari. Sai ki ji wata ta ce, "Kai, wannan sak abin da ya sami wata ƙawata." Na gane cewa ƙawar nan ba ta da nisa, a kan tabarmata take zaune. In Babanki ya zauna cin tuwo sai ya ce, "Malama, yau me littafi ya ce?" In ce, "Wata ƙawa ce aka hana ta gadon ubanta." Ya ce, "Ki ce wa ƙawar ta nemo waɗanda suka san maganar, ranar Juma'a zan bi ta wajensu kamar gaisuwa na je." Haka muka yi ta yi, shi da zaure, ni da madafi. Ba a rubuta sunana a ko'ina ba, amma na san gonakin da in na wuce su nake jin kamar nawa ne.

Yahanasu kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba. Babban ɗanta ne yake noma gonar yanzu. Duk kaka sai ta kawo mini sabon gero a ƙwarya, ta ce, "Hajiya, a tankaɗe a rariyar nan taki mai albarka." Mu yi ta dariya, amma ni na san abin da nake tunawa.

Ummi, waɗanda za su zo wurinki in Allah ya sa kin zama lauya, ba da abin da ya kawo su za su fara ba. Mai kunya da mai tsoro da wanda aka daɗe ana kora, duk da zance na gefe suke farawa. Ki ajiye abin da ke hannunki ki dubi fuskarsu. Ban ce ki daina karatu ba, ban ce ki daina mafarki ba, ni ma ban daina ba, jiya ma sai da miyata ta kusa kamawa. Cewa na yi ki san lokacin kife littafi.

Saura ɗaya, gajeriya. Kin tuna zaɓen da Babanki ya faɗi? Kina firamare. Na ji ciwon abin fiye da shi. Na sa ido na gano duk gidan da bai yi mu ba, na daina gaishe su da fara'a. Iya Abu mai ƙosai, wadda duk garin nan babu mai hannunta, 'ya'yanta su ne 'yan gaba-gaba a wajen abokin takararsa. Na rantse ba za a ƙara cin ƙosanta a gidana ba. Muka koma sayen na wata, mai tauri kamar tsakuwa, kuna ci kuna kuka. Ana nan sai ga Iya Abu da kanta da safe, da kwano cike da ƙosai mai zafi, tana ta zuba godiya. Ashe ɗanta ne ya shiga wata rigima a birni, Babanki ya koma aikin lauyansa, shi ya tsaya masa a kotu har aka sake shi.

Da ta fita na ce, "Barista, ɗan nan fa shi ya yage hotonka a bakin kasuwa."

Ya ce, "Hoton ma bai yi kyau ba, hancina ya fito da yawa. Miƙo yajin."

Ya ci ƙosai ya ƙoshi, ni kaɗai na yi ta gaba da mutanen da ba su ma san ina yi ba. Da zaɓe ya zagayo, ɗan Iya Abu ne ya riƙa yawo da sabon hoton a gaban babur ɗinsa. Amma ko da bai yi ba, darasin yana nan. A jami'a za ki haɗu da masu ra'ayin da ba naki ba, wasu ma za su zagi Babanki a gabanki ba su san ke 'yarsa ce ba. Ki yi musu in musun ya zama dole, sannan ki ci abinci tare da su. Zaɓe kwana ɗaya ne, maƙwabtaka kuwa kullum ce.

To, makon jiya Babanki ya kai ni na ga gidan. Ban faɗa miki ba don kada ki karanta fuskata. Ummi, gidan nan ne. Shi ne wanda na gina a kaina ina budurwa, kamar wani ya leƙa ya kwafa. Bene ne, labule har ƙasa, ga furanni ja da fari a bakin ƙofa. Na hau sama na sauko, na sake hawa. Na buɗe famfo na rufe. Na tsaya a taga na ɗaga hannu kamar yadda matan littafi suke yi in maigida zai fita, Babanki yana ƙasa yana dariya yana cewa, "Malama, a shafi na nawa muke?" Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba.

Sai na ce bari in ga madafi. Na gani, fes, har da abin da ban san sunansa ba. Na buɗe ƙofar baya, sai katanga doguwa da waya a kanta. Na zagaya gidan kaf, ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, da maigadi a zaune, mutumin kirki, yana tambayar duk mai shigowa sunansa da abin da ya kawo shi. Na tsaya ina ƙoƙarin ganin Yahanasu a gabansa, ta biya kuɗin mota a wannan tsadar, tana ce masa aron rariya ta zo. Na kasa ganinta.

A mota Babanki bai tambaye ni komai ba. Ya dai ce aikin nan ya fi na majalisa cin lokaci, ba kullum zai riƙa samun dawowa ba, kuma duk abin da na zaɓa ba zai ga laifina ba, don na daɗe ina jira. Ni kuma ina riƙe da wani reshen fure da na roƙa a wurin mai ban ruwa. Na dasa shi a tsohuwar kwallata a gefen randa, na kife masa kwando saboda kaji. Ya fara toho.

Na san abin da zaman gidan Gwaggo zai ci miki. 'Ya'yanta suna da surutu, ƙaramar tana shura a barci, kuma za ki sha jiran a-daidaita-sahu. Ki yi haƙuri da su, ki taya Gwaggonki aiki ba sai ta ce ba, yadda kika nuna mini kin iya a 'yan kwanakin nan. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci kafin ki fita. In kin ga Babanki a birni cikin jama'a da jiniya, kada ki ruɗe, mutumin nan ne da yake cin ƙosai da yaji har ya yi tari. In kewa ta dame ki, ki shigo motar Ɗambatta, ba a rufe ƙofar danga.

Inna tana gaishe ki, ta ce a gaya wa takwararta kada ta dawo da bakin turawa. Ƙannenki suna gaishe ki, sun riga sun fara faɗa a kan katifarki. Hajara ta ce a gai da mutanen birni na gaskiya. Ki gai da Gwaggonki da maigidanta da yara.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki. Allah ya raba ki da mugun abokin zama, ya buɗe miki ƙirji, ya sa karatun nan ya amfane ki ya amfani waɗanda ba su da mai tsaya musu. Allah ya riƙa wa Babanki a wannan sabon nauyi, ya fitar da shi da mutuncinsa. Allah ya sassauta mana shekarun nan, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin ga, a takarda na iya faɗa.

Sai amsarki. Yau da safe, bayan ya karya, na gaya wa Babanki. Shi zai tafi ya kama aikinsa, ya riƙa zuwa mana duk lokacin da ya samu. Ni ba zan tashi ba. Ina nan gida.

Wassalam,
Mahaifiyarki.